Land Cruiser 80 da ɗagawa ta lalata: yadda aka sake gina aksul da sifirin ɗinta a Jos

Motar Toyota Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1996, mai injin dizal 1HZ da giyar hannu, irin wadda ƙafafunta huɗu ke ja a kowane lokaci. Mai ita ɗan kwangilar haƙa rijiyoyin burtsatse ne a Jos. Aikinsa yana kai shi ƙauyukan Bokkos da Mangu da Riyom da Barikin Ladi, inda kwalta ke ƙarewa ta bar mutum da jar laka mai santsi da damina, gargada da rani, ga duwatsun Filato da ba sa raga wa ƙarfe. Motar takan ɗauki mutum huɗu da janareta da famfunan rijiya da akwatin kayan aiki da jarkokin dizal. A gabanta akwai bambar ƙarfe da winci, a samanta kariyar ɗora kaya da safayar taya ta biyu.

'Yan watanni kafin a kawo ta, an ɗaga ta a wani gareji. An cusa mata dogayen sifirin na wata mota daban a gaba, a baya aka ɗora zoben roba mai kauri a kan tsofaffin sifirin da suka riga suka gaji. Aka sa tayoyi 315/75R16, da suka fara gogar hannun aksul sai aka tura su waje da faranti mai kaurin milimita 40 a bayan kowane wili. Ba a taɓa shokazoba ba, ba a taɓa hos ɗin birki ba. Daga nesa motar ta yi kwarjini. A kan hanya kuwa gyaran gangar Auzinawa aka yi.

Direban ya zo da koke biyar. A titin Bukuru, da zarar ta wuce kilomita 80 sai ta riƙa yawo, yana gyara ta hagu tana zamewa dama. In ta faɗa rami a wajen kilomita 70 sitiyari kan kama makyarkyata, ba ya lafawa sai an kusa tsayawa. In aka karya sitiyari har ƙarshe ana jin ƙas-ƙas daga ƙafar gaba ta dama. Wani baƙin kunu yana tsiyaya daga gwiwoyin aksul na gaba, wato ƙarshensa biyu inda taya ke juyawa in an karya sitiyari. Sannan a gangaren Hawan Kibo, ranar da ya sauka da kaya zai tafi Akwanga, birkin gaba ya yi zafi har yana wari. Alhajin da ke da motar so yake a ƙara mata ƙarfi, a nasa ganin sifirin ne bai kai ba.

Awo kafin sufana

Abu na farko da aka yi shi ne kai motar ma'aunin manyan motoci, aka auna gaba daban, baya daban. Da tanki cike da kayan da ba sa fita daga cikinta, ba mutum ko ɗaya, gaba ya ba da kilo 1,300, baya 1,340. Da aka loda ta yadda take tafiya ƙauye, jimla ta kai 3,190. Farantin da ke jikin motar ya ce iyakarta 2,960. Wato tana yawo da rarar kilo 230, kuma wani kaso na rarar yana can saman rufi, wurin da ya fi cutarwa. Babu sifirin da ke ƙara wa mota wannan iyaka. Sifirin mai ƙarfi yana ɓoye nauyi ne daga ido, amma boris da birki da shasi suna ci gaba da ɗaukarsa. Aka sauke safaya ta biyu, janareta da jarkoki biyu suka koma motar da ke jan kayan haƙa, aka rage tarkacen akwatin aiki. Da kyar ta dawo ƙarƙashin iyaka.

Tsayi kuma ba daga ƙasa ake auna shi ba, domin taya za ta shiga lissafi. Daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi ake aunawa. Da aka kwatanta da wata 80 da ba a taɓa ba, gaban wannan ya haura da kusan milimita 90, bayanta da 50 in babu kaya. Aksul na gaba ya zame wajen direba, har ana ganin taya ta hagu ta fi ta dama leƙowa. A injin saitin taya kuma aka ga babbar matsalar: kasta ta faɗi ƙasa da sifili da digiri biyu da rabi, alhali littafin Toyota yana neman digiri 3, da sassaucin digiri ɗaya sama ko ƙasa.

Kasta ita ce kishingiɗar layin da ƙafar gaba ke juyawa a kansa. Dubi ƙarfen da ke riƙe da tayar gaban keke: bai tsaya cak ba, samansa ya jingina baya, shi ya sa in ka saki hannu keken ke miƙewa da kansa. A samfurin 80 aksul na gaba ƙarfe ɗaya ne, hannuwa biyu ke riƙe da shi, kowanne yana juyawa a kan kusa guda a jikin shasi. In ka ɗaga bodi, hannuwan suna sunkuyawa, aksul ɗin gaba ɗaya ya mirgina, kishingiɗar ta ragu. Kowane inci ɗaya na ɗagawa yana cin digiri ɗaya da rabi ko fiye. Milimita 90 sun cinye ta duka har da bashi. Yawon motar ke nan. Makyarkyatar kuwa rashin kasta ba ya haddasa ta shi kaɗai, sai ya tarar da wani abu mai wasa a ƙafar, don haka aka nufi aksul.

Aksul na gaba

Nan ne mafi yawan aikin, kuma nan ne garejin farko bai leƙa ba. Aka ɗora motar a kan turakun ƙarfe, aka cire wili, aka rataye kalifar birki da waya don kada hos ya ɗauki nauyinta. Murfin da ke haɗa shaf da hob, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kanta, yana zaune ne a kan washoshi masu tsini, ba a banƙare su da sukudireba. Tagulla ake ɗorawa a kan sitod a doka, washa ta yi tsalle da kanta. Notunan hob suna son soket mai milimita 54. Waɗanda aka tarar duk sun sha kurfi da guduma, alamar cewa ba a taɓa auna ɗaurinsu ba. Bayan hob da sandar da yake hawa sun fita, sai a juya Birfield, wato haɗin ƙwallaye da ke cikin gwiwa mai ba shaf damar juya taya ko an karya sitiyari, har ɓangarensa mai faɗi ya dubi sama da ƙasa, sannan ya zaro tare da shaf. Na dama gajere ne, na hagu dogo, saboda tukunyar dif, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu, tana gefen dama.

Baƙin kunun nan man dif ne da ya ƙetare sil na ciki ya haɗu da giris ɗin gwiwa. Dalili biyu aka samu. Sil ɗin ya tsufa har ya yi wa shaf ɗin dama zobe a inda leɓensa ke gogawa. Sannan ɗan bawul ɗin numfashi da ke saman aksul ya toshe da laka, to in mai ya yi zafi iska ba ta da mafita sai ta sil. Mutane da yawa sukan canza sil su bar numfashin a toshe, bayan wata biyu kunun ya dawo. Da man ya wanke giris, Birfield na dama ya yi ta aiki a bushe, ƙwallayensa suka haƙa rami a kwaskonsa. Shi ke ƙas-ƙas.

Gwiwar tana juyawa a kan ƙananan boris biyu, sama da ƙasa. Su ne suka fi shan wahala, domin ba sa zagayawa, a wuri ɗaya suke karɓar duka. Da aka cire su, kowane zobe yana da jerin tabo kamar haƙoran zarto. Farantan milimita 40 da aka sa bayan wili sun taimaka wajen kashe su, tunda sun nisanta nauyin taya daga layin gwiwa, kowane rami ya zama kamar an ɗana dogon ƙarfe ana banƙara. A ƙarƙashin gwiwar dama kuma, daga cikin sitod huɗu masu riƙe hannun sitiyari, biyu sun yi sako-sako. Wannan abin tsoro ne fiye da duk sauran. In suka karye sitiyari ya rabu da taya ke nan, kuma sun fi son karyewa a kan dutse ko gangara.

Aka sa sababbin boris na Koyo, na gwiwa da na wili, da sil na Toyota na asali. Araha ba ta ado a nan: sil ɗin ɗan abu ne, amma kafin a kai gare shi sai an wargaza ƙafar duka. Siraran farantan da ake kira shim kowanne ya koma inda ya fito. Aka sa sababbin sitod da man kulle zare, aka ɗaure notunan da sufanar awo zuwa niyuton-mita 96. Kafin a sa kyallen da ke share ƙwallon gwiwa, aka maƙala ma'aunin ƙugiya, irin na masu awon kaya a kasuwa, a ramin hannun sitiyari aka ja: littafi yana son kilo 2.5 zuwa 4.5. In ya gaza haka gwiwa za ta yi wasa, a rage shim; in ya wuce, boris zai mutu da wuri. Gefen dama sai da aka canza shim sau biyu.

Giris iri biyu ne, kada a haɗa su. Birfield da cikin gwiwa suna shan baƙin giris mai moli, a cika ramin gwiwa kamar kashi uku cikin huɗu. Boris ɗin wili na shan giris ɗin boris na yau da kullum. Notin hob na ciki ana ɗaure shi zuwa niyuton-mita 59, a jujjuya hob ɗin boris ya zauna, a kwance, a sake ɗaurewa kaɗan, wajen 5 da ɗoriya, a sa washa mai kunne, noti na waje ya tafi 64. Daga nan a ja sitod ɗin wili da ma'aunin ƙugiya, a nemi kilo 2.9 zuwa 5.7.

An yi muhawara kan Birfield. Akwai na ƙarfen kuromoli da ake kawowa daga Amurka, wanda ke jure murɗa fiye da na Toyota, kuma Alhaji ya ji labarinsa. Ba a sa shi ba. An yi shi ne don motocin hawan dutse na wasa, ƙarfensa yana lanƙwasa maimakon ya fashe, amma a motar da ƙafafunta huɗu ke ja kullum ya fi saurin cinyewa. Bayan haka, dif ɗin gaba na 80 ƙarami ne, inci 8, na baya 9.5. In ka ƙarfafa Birfield, abin da zai karye a madadinsa shi ne kirawun da finiyan, wato manyan haƙoran cikin dif, kuma gara a canza Birfield a bakin hanya da a kwance dif a daji. Aka sayi na asali guda ɗaya da shaf ɗin dama. Mai saye ya kula: akwai gajere da dogo, Toyota ta ƙara tsawon haƙoran bakinsa a 1994, akwai kuma mai zoben ABS da marar shi. A kasuwar Dilimi ta Jos ko ta Apo a Abuja, a tafi da tsohon a hannu a jera su.

Da aka wanke shasi a kusa da akwatin sitiyari da inda sandar Panhard, mai hana aksul zamewa hagu ko dama, ke kamawa, sai ga siririn tsagu kamar gashi. Wurin sananne ne a wannan samfuri, manyan tayoyi kuma suna hanzarta shi. Aka huda ɗan rami a ƙarshen tsagun don ya daina tafiya, aka fafe shi, aka yi walda, aka ɗora faranti mai zagayayyun kusurwoyi. An kawo shawarar a yi wa kwaskon aksul ɗin kansa ƙarin ƙarfe. Da aka auna shi a miƙe yake, sai aka ƙyale shi. Walda mai tsawo a jikin aksul tana jan ƙarfe ta lanƙwasa shi, a garin neman ƙiba a samo rama.

Sifirin, shokazoba da dawo da kasta

Shawarar da ta fi yi wa mai motar ɗaci ita ce a sauke ta zuwa milimita 50 kacal sama da tsayin kamfani. Bayanin da ya gamsar da shi gajere ne. Abin da ke fara taɓa dutse a wannan mota tukunyar dif ce, ita kuwa a jikin aksul take, ba a jikin bodi ba. Ko ka ɗaga bodi kamu guda, dif yana nan inda yake. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Amfanin ɗaga bodi shi ne ba taya wuri, ba sifirin tazarar aiki da kaya, da kare ciki da gindin mota a bakin kwazazzabo. Milimita 50 sun isa wannan.

Aka zaɓi sifirin Old Man Emu na kamfanin ARB na Ostireliya, saboda lambobinsu suna faɗin nauyin da aka yi su dominsa. A gaba 2850, wanda aka yi wa mota mai bambar ƙarfe da winci. A baya zaɓi ya tsaya tsakanin 2863, na kilo 200 da ba sa fita daga mota, da 2864, na kilo 400. Direba na son mai ƙarfin. Aka yi lissafi a takarda. Na farko yana nutsewa milimita ɗaya a kowane kilo huɗu da rabi, biyun tare kilo 9. Kayan tafiya da ke hawa baya sun kai kamar kilo 300, nutsewa milimita 33 ke nan. Na biyu zai nutse 26. Ribar milimita bakwai ce. Asarar kuwa, duk ranar da motar ba ta da kaya bayanta zai riƙa tsalle a gargada, taya na barin ƙasa, kuma gindinta zai ɗaga. Tsakanin aksul biyu na 80 milimita 2,850 ne, don haka in baya ya ƙara tashi da milimita 25 ya sace rabin digiri daga kastar da ake fafutukar dawowa da ita. Aka ɗauki 2863.

Shokazoba tsawonta ake fara dubawa kafin sunanta. Tsofaffin an yi su don tsayin kamfani, da aka ɗaga motar suka zauna a miƙe kusan ƙarshensu, ko ɗan rami taya ta faɗa sai su buga. Ɗaya ta gaba har robobinta sun tsage. Da sababbin, kafin a sa sifirin aka ɗaga aksul da jak har ya taɓa robar tsayawa, aka tabbatar shokazoba tana da sauran wuri. In ita ta fara ƙarewa kafin robar, ita za ta karɓi dukan, bawul ɗinta ya mutu ko mazauninta ya ɓalle. Sannan da sifirin a ciki aka saki aksul ya rataya, aka duba abu uku: sifirin bai saki mazauninsa ba, hos ɗin birki bai miƙe ba, farfelar gaba, mai kai ƙarfi daga giya zuwa dif, ba ta taɓa sandar sitabilaiza ba. Hos na gaba da na baya duk sun gaza, aka sa masu tsawo. Sitabilaiza aka sauke mazauninta da ɗan tubalin ƙarfe. Numfashin aksul biyu aka ja su da tiyo har cikin ɗakin inji, sama da inda ruwan rafi zai kai a watan Agusta.

A sabon tsayin kasta ta dawo kusa da sifili. Hanyoyin gyara ta uku ne. Akwai bushin da raminsa ba ya tsakiya, mai dawo da digiri 2. Akwai mai digiri 3, amma gefensa ɗaya siriri ne ƙwarai, ba ya daɗewa a hanyar dutse. Akwai faranti da ake ɗaurawa a mazaunin hannu, mai ba da wajen digiri 5, wanda ya dace da ɗagawar inci huɗu; a nan zai sunkuyar da bakin dif, farfela ta yi rawa, tayirod kuma, sandar da ke haɗa ƙafafun gaba biyu, ya kusanci hannun aksul. Aka sa na roba mai digiri 2. Matsa shi ake yi da injin matsi, bisa alamar da aka zana a hannun tun motar tana tsaye a ƙafafunta. In aka juya shi ba daidai ba ramukan biyu ba za su hau mazauninsu ba, ko kasta ta ƙara lalacewa. Sakamako: digiri 2.1 a hagu, 2.3 a dama. Ƙasan iyaka ne, amma cikin iyaka.

Sandar Panhard ta gaba aka canza da mai zare, aka dawo da aksul tsakiya ana aunawa daga shasi zuwa taya a kowane gefe. Ba a sauke mazauninta ba. Ita da sandar da ke fitowa daga akwatin sitiyari dole su kasance a jere, in aka sauke ɗaya aka bar ɗaya, duk ramin da aka faɗa sitiyari zai fizge da kansa. Duk kusoshin bushi kuma sai da motar ta sauka a kan tayoyinta aka girgiza ta sannan aka ɗaure su, na hannuwa tsakanin niyuton-mita 170 da 180. Wanda ya ɗaure su aksul na rataye ya murɗe robar tun kafin mota ta motsa, wata uku ba za ta yi ba.

Taya da lissafin giya

Tayar da motar ta zo da ita 275/70R16 ce, tsayinta milimita 791. Ta 285/75R16 tana da 834, ta 315/75R16 kuma 879. Rabin bambancin ne ke zama tazara a ƙarƙashin dif: milimita 21 da ta tsakiya, 44 da babbar. A ɗaya hannun, babbar ta fi ta asali da kashi 11 cikin ɗari, kamar an ƙara wa kowace giya tsawo ke nan. Injin 1HZ lita 4.2 ne, dawakinsa wajen 130, ba shi da tabo, wato na'urar cusa wa inji iska. Jos tana kan tsayin mita 1,200, inda injin da ba tabo ke rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa saboda ƙarancin iska. Haɗa wannan da tan uku, ka gane dalilin da ya sa direba ke ƙona kuloci a kowane hawa.

Da an nace sai 315, to sai an canza kirawun da finiyan. Na motar haƙora 41 da 10 ne, wato 4.10. Ninka shi da 1.11 ka samu 4.55, mafi kusa a kasuwa shi ne 4.56, haƙora 41 da 9. Kuma aksul biyu za a yi wa, ba ɗaya ba. In gaba da baya suka bambanta, dif ɗin tsakiya zai yi ta aikin da ba nasa ba, ranar da aka kulle shi wani abu ya fashe. Na gaba ma yankan haƙoransa daban ne, domin finiyan ɗinsa daga sama yake shiga. Saboda wannan yankan ne ba a son a fizgo motar da ta maƙale da ribas. Duk wannan kashe kuɗi don milimita 22. Aka koma 285/75R16 mai kaurin gefe, aka bar 4.10, aka jefar da farantan bayan wili. Abin da direba zai riƙe shi ne agogon gudu yana rage masa kashi biyar: in ya nuna 100, yana kan 105.

Aksul na baya

Na wannan motar irin wanda shaf ba ya ɗaukar nauyi ne, murɗawa kawai yake yi, nauyin yana kan boris biyu a cikin hob. Babu dalilin musanya shi da wani. Boris aka canza, da sil, da sitod biyu na murfin shaf da suka miƙe. Dif ɗin yana kuka in an ɗaga ƙafa daga totur, da aka kama bakinsa aka girgiza sai ga wasa. Boris ɗin finiyan ya saki. Tsakanin boris biyun akwai wani bututu da aka yi shi don ya matse yayin ɗauri, aiki mai nauyi kuma yana ƙara matse shi har ɗaurin ya tafi. Aka maye shi da daskararren ƙarfe da shim.

Tunda dif yana kan tebur, nan aka kashe kuɗin da aka tsira da shi daga canjin giya: aka sa loka ta iska ta ARB. Dif na yau da kullum yana tura ƙarfi ne wa tayar da ta fi sauƙin juyawa, shi ya sa mota ke tsayawa a laka taya ɗaya na fanfare. Loka tana ɗaure tayoyin baya biyu su juya tare. A hanyoyin Bokkos da damina wannan ya fi kowace ɗagawa amfani, kuma yana rage ɓarna, domin direba ba ya bukatar ya taho a guje ya afka. Sa ta na bukatar a huda kwaskon dif a yi zare don bututun iska, a kafa kwamfuresa. Wasan da ke tsakanin haƙoran kirawun da finiyan aka saita da agogon awo tsakanin milimita 0.15 da 0.20, a wurare huɗu a zagayen kirawun, sannan aka shafa fenti a haƙora aka juya don a ga tabon yana tsakiya. A gaba ba a sa loka ba. Sitiyari a karye, gaba a kulle, ƙafa a kan totur: hanyar fasa Birfield ke nan mafi sauri. Mai GL-5 aka zuba, 80W-90, kusan lita 2.8 a gaba, 3.25 a baya.

Warin birki a Hawan Kibo shi ma a baya aka samo asalinsa. Akwai bawul a jikin shasi da siririyar sanda ta haɗa shi da aksul na baya. Aikinsa ya ji nauyi: in baya ya nutse ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ya tashi ya rage. Da aka ɗaga motar ba a taɓa shi ba, sai ya riƙa ɗauka kayan ba su kai yadda suke ba, birkin gaba ya ɗauki kusan duk aikin tsayar da tan uku da manyan tayoyi. Gyaran ɗan ƙarfe ne da ke ɗaga mazaunin sandar a kan aksul daidai da yadda aka ɗaga mota. Aka canza man birki duka, aka fitar da iska har ta kan bawul ɗin, wanda yake da nasa nonon da ake yawan mantawa.

Gwaji

Aka saita bakin tayoyin gaba ya shigo ciki da milimita 2, notunan wili na ƙarfe suka tafi niyuton-mita 147. A titin Bukuru motar ta miƙe, sitiyari yana dawowa da kansa bayan kwana, ramin da ke tayar da makyarkyata ya wuce shiru. Wata 'yar rawa ta rage a wajen kilomita 90. Kuros ɗin farfelar gaba ne: ya saba da kusurwa ɗaya shekara da shekaru, an canza masa sau biyu cikin 'yan watanni. Aka yi wa farfelar alama kafin a raba ta don ta koma yadda take, aka canza kuros biyun, rawar ta tafi.

Bayan kilomita 500 aka sake bin duk kusoshi da sufanar awo. Sifirin sun zauna, gefen direba ya yi ƙasa da na dama da kusan milimita 10, aka sa zobe mai wannan kaurin a kan na baya na hagu. Motar har yanzu ta fi ta kamfani jingina a kwana, kuma za ta ci gaba da haka muddin kariya na sama, don haka aka iyakance rufin ga kaya marasa nauyi. Iskar taya PSI 38 zuwa 40 a kwalta da kaya, a sauke zuwa wajen 25 a kan dutse da laka, a mayar da kwamfuresar loka kafin a hau titi. A Hawan Kibo giya ta uku ce ke riƙe mota, birki taimako ne. A saman kowace gwiwa akwai toshe mai kai murabba'i. Ƙarshen kowace damina za a buɗe shi a tsoma waya, in giris ɗin ya fito da ruwa-ruwa ko launinsa ya koma toka, ƙafar za ta sake buɗuwa kafin a shiga aikin rani.